KAFIN A SAUKE MAKA GIYABOS, DUBA KULOCI

 

  

An nemi mu ɗan yi bayani a kan matsalar kuloci da giya. Mu dai ba kanikawa ba ne, 'yan kasuwa ne, amma mun daɗe muna ɗora dukiyarmu a kan ƙafa huɗu tsakanin Arewa da nan Kurmi. Kowa a nan ya san abin da kwana biyu a gefen hanyar Makwa zuwa Jebba ke yi wa tumatir da tattasai. Abin da ya fi cin kuɗin mutanenmu kuwa shi ne, da zarar giya ta ƙi shiga sai a ce giyabos ya mutu, a sauke shi. Alhali sau da yawa lafiyarsa ƙalau, kuloci ne bai saki ba.

Motoci irin su Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da Toyota Hiace da Hilux, kulocinsu da mai yake aiki, ba da waya ba. Akwai silinda biyu. Na sama yana bayan abin da kake takawa, kusa da ɗan kofin mai. Na ƙasa yana jikin giyabos, siririn bututu ne ya haɗa su. In ka taka, na sama ya tura mai, na ƙasa ya tura ƙarfen da ke raba farantin kuloci da inji. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Saboda haka in iska ta shiga, ko roba ta cinye, ƙarfin ƙafarka a hanya yake ɓacewa, faranti ya ci gaba da juyawa, giya ta ƙi shiga.

To, ga gwaji huɗu da ba sa buƙatar sufana.

Na farko, kashe inji, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya har ribas. In duk sun shiga sumul, amma da ka tayar da inji suka ƙi ko suka yi gurnani, to laifin yana wajen kuloci. Ribas ce kan fara ƙara, domin a yawancin tsofaffin motoci ba ta da zoben nan da ke daidaita gudun haƙoran giya. In kuma inji na kashe amma sandar giyar tana da tauri ko tana lilo, a duba bushi da sanduna ko wayoyin da suka haɗa ta da giyabos. Shi ma gyaran waje ne.

Na biyu, taka kuloci sau biyar ko shida da sauri, sannan ka sa giya. In ta shiga bayan da ta ƙi, iska ce a ciki ko roba ta gaji.

Na uku, nemi fili babu kowa a gabanka, ka ja birkin hannu, ka sa giya ɗaya, ka danne kuloci ƙasa ka riƙe kamar rabin minti. In ka ji mota ta fara ja da kanta ƙafarka tana ƙasa, mai yana sulalewa ta gefen roba, galibi a silinda na sama. Wannan ba abin wasa ba ne, domin irinsa ne kan sa mota ta zabura a goslo ta buge ta gabanta ko mai talla.

Na huɗu, bi sawun yoyo. Buɗe kofin mai ka ga inda ya tsaya. Sa hannu sama da abin takawa daga cikin mota, in ka ji danshi, na sama ne. Leƙa ƙarƙashi wajen giyabos, in robar na ƙasa ta jiƙe, shi ne. A wasu motocin, kofi ɗaya ne kuloci da birki ke sha, kuma kuloci ne kan fara rasa mai. In ka ga haka, a duba birki ma a ranar.

Yaushe ne sauke giyabos ya zama dole? In ka ba mota wuta a kan tudu da lodi, inji ya yi ta ihu gudu bai ƙaru ba, ga warin ƙuna, faranti ne ya cinye. In ƙara na tashi duk sa'ad da ka taka kuloci, ta ɗauke in ka saki, boris ɗin ciki ne. In giya guda ce kaɗai ke gurnani sauran lafiya, ko tana fita da kanta ana cikin tafiya, to a nan ne ake zargin cikin giyabos. Haka kuma akwai motocin da silindansu na ƙasa a ciki yake, ba a kai gare shi sai an sauke. Tambayi bakanike ya nuna maka naka da yatsa, tambaya ba ta ɓata ciniki.

Sai maganar mai, wadda ta fi shafar mu mazauna Kurmi. Man birki ake zubawa, DOT 3 ko DOT 4, yadda aka rubuta a murfin kofin. Wannan mai yana shan danshin iska, danshin Badun da Ikko kuwa ba irin na Sakkwato ba ne. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155, ga tsatsa da ruwan ke sa wa cikin silinda ta yanke roba. Shi ya sa ake son a juye shi duk shekara 2, ko da ya yi baƙi kafin nan. Kada a sayi na buɗaɗɗiyar kwalba a bakin tasha. Kada kuma yaron mota ya zuba man inji ko man sitiyari wai don a ƙarasa gida, zai kumbura robobin duka. Araha ba ta ado.

Cire iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya taka sau da dama ya riƙe, ɗaya ya kwance ɗan notin da ke jikin silinda na ƙasa, ya ɗaure kafin a saki ƙafa. A yi ta maimaitawa har kumfa ta daina fita, kuma kada a bari kofi ya bushe. Amma ku sani, iska ba ta shiga haka kawai. In ta dawo bayan kwana biyu, akwai ƙofar da take bi, sai an canja roba ko silindan gaba ɗaya.

Direbobinmu, don Allah a daina ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya, a daina riƙe mota da shi a kan tudu. In giya ta ƙi, kada a tura ta da ƙarfin tsiya. Turawar nan ce ke cinye zobban ciki, gyaran roba ya koma gyaran giyabos. Mu kuma masu mota, in direba ya ce kuloci ya yi laushi, kada mu ce ya je ya dawo tukuna. Amanar rayuka da dukiyar mutane ce a wuyanmu.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a nemanmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.