Ɓari Ba Laifin Mace Ba Ne: Jawabi ga Jama'ar Moduganari, Maiduguri



Abin da ya tara mu yau magana ce da akan yi ta a ɗaka cikin raɗa, watau ɓari. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin kowane ciki 100 da aka san da shigarsa, 10 zuwa 15 kan zube, galibi kafin mako 12. Kimanin rabinsu kuwa, tun farko halittar ɗan tayin ce ba ta daidaita ba. Saboda haka ba daka ba ne, ba ɗaukar tulu ba ne, balle hannun kishiya. Uwar miji, a sassauta harshe.

Ku ma'aikatan asibiti, hakkin macen nan ne ku gaya mata abin da kuka gani, a bayan labule, da harshen da take ji, ko Barbarci ko Hausa ko Larabcin Shuwa. Kada ku soma da tuhumarta ko ita ta zubar. In da hali, kada a kwantar da ita kusa da masu jego tana jin kukan jarirai.

Hanyoyin magani uku ne. Akan dakata mahaifa ta fitar da kanta, ko a ba da ƙwayar misoprostol, ko kuwa a yi wankin ciki da na'urar zuƙowa, aikin 'yan mintoci, bayan an ba da maganin zafi. Muddin babu zubar jini mai yawa ko zazzaɓi, zaɓi nata ne. Wata ta baro yara a gida, ta fi son a gama yau. Wata kuwa tsoron ƙarfe take yi. A tambaye ta.

Amma fa akwai lokacin da ba a jira: jini mai jiƙe ƙunzugu biyu cikin awa guda, zazzaɓi, ruwa mai wari, jiri, ko matsanancin ciwo a gefe ɗaya na mara, wanda kan nuna ciki a wajen mahaifa. Kada a ce ciki ne ya kwanta a zauna. A garzaya Asibitin Ƙwararru na Jiha ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko da tsakar dare ne. Maigida, ka ba da izinin fita tun yanzu, don ba lalle ne abin ya same ka a gida ba.

Kafin a sallame ki, 'yar'uwa, ki nemi a gwada rukunin jininki, a kuma gaya miki ranar komowa. Yawancin matan da suka yi ɓari sau ɗaya kan haihu lafiya a ciki na gaba.