Jawabi ga Dattawa da Iyaye: Yaranmu Masu Ciwon Sukari



Ciwon sukari nau'i na ɗaya ba irin na manya ba ne. Jikin yaro ne ya daina yin insulin, sai da allura zai rayu. Kafin 1922, shekarar da aka fara yi wa wani yaro allurar a Toronto ta Kanada, ciwon nan kisa yake yi. Saboda haka duk wanda ya ce a ajiye allura a tsaya ga addu'a kaɗai, ko a sa yaron azumi, kada ku saurare shi.

Yanzu akwai 'yar na'ura irin FreeStyle Libre. Ana manna ta a damtse kwana 14, tana nuna awon sukari a waya. Likitoci suna so awon ya zauna tsakanin 70 da 180 (a wasu mitoci 3.9 zuwa 10) yawancin lokaci. In ya sauka ƙasa da 70, a ba yaron abin zaƙi nan take, a sake aunawa bayan minti 15. In ya suma, kada a ɗura masa komai, sai asibiti. Babban amfaninta dare ne, gama tana ajiye abin da ya faru iyaye suna barci.

Tana da tsada, mun sani. Marar hali ya riƙe mitar huda yatsa da littafi, ya rubuta lamba, lokaci da abin da aka ci, ya kai wa likita. Dattawa, mu duba ko asusun taimako zai ɗauki kuɗin takardun gwajin kowane wata.