Taƙaitaccen Tarihin Rokar Pluton ta Faransa



Faransa ta fara gwajin bom ɗin nukiliya a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, a 1960, abin da ya sa Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da ita a 1961. Cikin makaman da suka biyo baya akwai Pluton, roka ce da ake ɗorawa bisa gangar jikin tankar yaƙi, aka danƙa wa sojojin ƙasa a 1974. Ƙarfinta ya kai na bom ɗin Hiroshima, amma iyakar tafiyarta kilomita 120, kamar nisan Bici zuwa Kano sau uku.

To, a nan gizo ke saƙa. In an harba ta daga gabashin Faransa don tare rundunar Tarayyar Sobiyet, ba a ƙasar abokan gaba za ta faɗa ba, sai a Jamus ta Yamma, ƙawar Faransa, inda ƙauyuka ke kusa da juna tamkar na ƙasar Bici, gona tana gugar gona. Jamusawa kuwa ba su ɓoye damuwarsu ba. An ƙera Hadès mai nisan zango don ta gaje ta, sai katangar Berlin ta faɗi, aka adana ta. Pluton kuma aka janye ta a 1993, ba a taɓa harba ta a yaƙi ba.