DARO DA TAWUL A KAN TEBURIN OFIS
Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai

'Yan uwanmu Musulmi da ke tare da mu, na san zancen azumi ba baƙo ba ne a wurinku.

Taronmu na bana ya faɗo cikin azuminmu na Kirista, wanda ke farawa ran Larabar Toka ya kai mu har jajibirin Ista. Kwana 46 ke nan, in an cire Lahadi 6 sai su zama 40, daidai da kwanakin da Yesu ya yi yana azumi a jeji. An ce in yi magana a kan tawali'u. To, zan fara da laifin kaina.

Bara, cikin irin wannan azumi, masinja ya shigo ofishina ya ce ga wani tsoho yana bin fayil ɗinsa na fansho. Ban ko ɗaga kai ba na ce ya dawo gobe. Ya dawo, na sake cewa gobe. A rana ta uku na fito zan tafi sujadar yamma, sai na ji an kira ni da sunan da aka daina kirana da shi tun ina aji biyu. Ashe malamin ɗakin kwananmu ne, wanda ya goye ni da tsakar dare zuwa asibiti lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da ni. Kwana uku yana zaune a kan benci, yana kwana a wurin wani ɗan garinsu. Na durƙusa na ce, "Baba, ka gafarce ni, ban san kai ne ba." Ya ce, "Ɗana, da ba ni ba ne fa?"

Wannan tambaya ta hana ni barci. Aikin da ya rage a fayil ɗin bai wuce sa hannu na minti 10 ba. Ina azumi, bakina ya bushe, amma zuciyata a ƙoshe take da girman kai. Hausawa kuwa sun ce girman kai rawanin tsiya.

Ku tuna abin da Yohanna ya ba da labari a sura ta 13. A daren jibin ƙarshe Yesu ya tashi daga cin abinci, ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa. A ƙasarsu wannan aikin bawa ne, shi ya sa Bitrus ya ƙi da farko. Abin lura shi ne har Yahuza yana wurin, kuma Yesu ya san abin da yake ƙullawa. Bai zaɓi ƙafar da ta cancanta ba. A shekarar 2013 ma, marigayi Paparoma Francis ya tafi gidan yarin matasa a Rum ran Alhamis Mai Tsarki, ya wanke ƙafafun fursunoni 12, cikinsu har da 'yan mata da Musulmi. Annabi Ishaya, a sura ta 58, ya riga ya nuna cewa azumin da Allah yake karɓa shi ne wanda ke kwance wa wanda aka zalunta igiya, ya kuma ciyar da mayunwaci.

'Yan uwa, a makarantar nan mun ɗebo wa manya ruwa, da muka girma aka ɗebo mana. Yau wasunmu daraktoci ne, wasu likitoci, wasu alƙalai. Daronmu shi ne teburin da aka ba mu, tawul ɗinmu kuwa alƙalami. Ina roƙonku abu guda kafin Ista: ku leƙa bencin da ke ƙofar ofishinku, ku fara da wanda ba ku sani ba, wanda ba shi da kowa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Malamanmu, ku yafe mana inda muka manta da ku. Allah ya ba mu zuciyar bawa, ya kai mu Ista lafiya.