Amsar Wasiƙunku: Me Ke Kashe Mai Raunin Laka?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da tsawo. Ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Funtuwa. Ya ce ƙanensa ya faɗo daga saman motar hatsi suna dawowa daga kasuwa, yau wata biyu ke nan. An sallamo shi daga asibiti, amma daga cibiya zuwa ƙasa ba ya ji, ba ya motsi, fitsari ma sai da roba. Mutanen gari suna ta ce musu mai irin wannan ciwo ba ya kai shekara. Shi ne yake tambaya, shin gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, me ke kashe su?

To malam, sannunku da jinya, Allah ya ba shi sauƙi. Maganar mutanen gari tana da tushe, ba za mu ɓoye maka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu raunin laka sun fi sauran jama'a haɗarin mutuwa da wuri har ninki 2 zuwa 5, kuma shekarar farko ita ce mafi haɗari. Amma hukumar ta ƙara da cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, yawancin abin da ke kashe su cututtuka ne da ke biyo bayan raunin, waɗanda ana iya kauce musu. Ka riƙe wannan da kyau, don shi ne gundarin amsarka.

Da farko, mece ce laka? Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ya ga an sara ƙashin bayan rago, ya ga wani farin abu mai laushi a tsakiya. Ita ce laka. Ta cikinta saƙon ƙwaƙwalwa yake sauka zuwa hannu da ƙafa da mafitsara da hanji. Ƙasusuwan da ke kare ta a jere suke, 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke manne, 5 a kugu. In ta ji rauni a wani wuri, abin da ke ƙasa da wurin shi ne yake mutuwa.

Ba duka majinyata ne haɗarinsu ɗaya ba. Likitoci suna duba abubuwa kamar biyar. Na ɗaya, inda raunin yake. Na wuya ya fi kisa, domin jijiyoyin da ke sa mutum ya ja numfashi daga ƙashi na 3 zuwa na 5 na wuya suke fitowa. Na biyu, ko lakar ta daina aiki gaba ɗaya, ko kuwa da sauran ji da ɗan motsi a ƙasa. Na uku, shekaru, dattijo ba ya jurewa kamar saurayi. Na huɗu, in akwai wani rauni tare, kamar buguwa a ka ko a ƙirji, ko wata tsohuwar cuta irin ciwon suga. Na biyar, jinkirin zuwa asibiti da kuma yadda aka ɗauko mutum. Bisa ga abin da ka rubuto, ƙanenka hannuwansa suna aiki, yana numfashi da kansa, kuma ya wuce makonnin farko. Wannan abin godiya ne.

Bari in ba ku ɗan tarihi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, cikin sojoji 10 da suka ji rauni a laka, kusan 8 suna mutuwa cikin 'yan makonni. A 1944 wani likita mai suna Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila. Babban abin da ya tsaya a kai shi ne a riƙa juya majinyaci duk bayan awa 2, dare da rana, a kuma kula da tsabtar fitar da fitsari. Sai ga mutanen da a da ake jiran mutuwarsu suna tashi, suna komawa sana'a. Wasan harbin baka da ya shirya musu a 1948 shi ne asalin babbar gasar naƙasassu ta duniya da ake yi har yau.

To, ga maƙiyan da za ku sa wa ido a gida.

Na farko gyambon kwanciya. Mai lafiya in ya gaji da gefe ɗaya yakan juya ko cikin barci. Shi kuwa ba ya jin gajiyar, sai nauyin jiki ya danne fata a kan ƙashi, jini ya daina zuwa, naman ya ruɓe. A kugu da ɗuwawu da dunduniya ya fi farawa. In ya ci har ƙashi, ƙwayoyin cuta su shiga jini, shi ke nan. Kada ku raina shi. Christopher Reeve, ɗan fim ɗin Amurka da ya fito a Superman, ya faɗo daga doki a 1995 ya karye a wuya. Duk da kuɗinsa da masu jinyarsa, ya rasu a 2004 ana cikin yi masa maganin irin wannan gyambo. Saboda haka ku raba aiki tsakaninku, a juya shi duk awa 2. A samo katifa mai laushi, tabarma a kan daɓe ba ta yi. A sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙwauri, don dunduniya ta bar shimfiɗa. Safe da yamma a duba fata, in an ga wuri ya canja launi ko ya yi zafi, kada a sake kwantar da shi ta nan sai ya koma daidai. Kada a bar shi cikin jiƙa. In yana kan keken guragu, ya riƙa ɗaga jikinsa da hannu duk bayan minti 15 zuwa 30. Da hunturu kuma a nesanta kaskon wuta da ƙafarsa, don zai ƙone bai sani ba.

Na biyu ciwon fitsari, wanda kan hau har ƙoda. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa roba. Jakar fitsari ta zauna ƙasa da mara koyaushe, kada robar ta lanƙwashe. A canja ta ranar da ma'aikatan asibiti suka sa, kada a ce ai tana aiki. Ya sha ruwa lita 2 zuwa 3 a yini, wato ledar fiya-wata 4 zuwa 6, sai in likita ya hana. In zazzaɓi ya zo, fitsari ya yi kauri ko wari, kada ku ce zazzaɓin cizon sauro ne ku tsaya kantin magani, ku nufi asibiti.

Na uku ciwon huhu. Yawan kwanciya yana tara majina a ƙirji. A riƙa zaunar da shi, musamman wajen cin abinci, ya yi dogon numfashi, ya yi tari. In yana shan taba, ya bari.

Na huɗu daskarewar jini a ƙafa, wanda ya fi yawa a watanni 3 na farko. A riƙa lanƙwasa masa ƙafafu ana miƙewa a hankali, yadda masu gashin ƙashi suka nuna muku. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi 'yar'uwarta, kada a murza, don gudan jinin yana iya tafiya huhu. A kai shi asibiti ranar.

Sai abinci da zuciya. Wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi da zogale suna gina fata, ganye kuma yana hana taurin bayan gida. Kada ku rufe shi a ɗaki. Ku fito da shi zaure cikin abokansa, ku kafa masa tireda ko awon hatsi. Baƙin ciki ma yana kashe masu wannan ciwo.

Ga sauran jama'a kuwa, direbobi da 'yan acaɓa da masu hawa kuka ko giginya da masu haƙar rijiya, ku saurara. In mutum ya faɗi ya ce wuyansa ko bayansa, ko ya ce ba ya jin ƙafa, kada a yi masa ɗaukar kama-kama, kada a zaunar da shi, kada a ɗora shi a babur ko a naɗe shi a bayan tasi. Sau da yawa lakar da ta ɗan taɓu a nan ake ƙarasa ta. A samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum 4 su mirgina shi tare kamar gungume, ɗaya yana riƙe da kai daidai da jiki. A tokare kan da naɗaɗɗen zane dama da hagu. Kada a ɗura masa ruwa. A Nijeriya ana kiran jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122. Madora suna da aikinsu, amma ja ko murɗa wuya da baya yana iya kisa nan take. A nufi babban asibiti, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko na Shika a Zariya, domin in za a yi tiyata, wadda aka yi cikin awa 24 na farko ta fi amfani.

Malam, muna fatan za ka sake rubuto mana ka gaya mana yadda jikin ƙanen naka yake. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.