Ɓargo, Kitse da Ƙwayar Sha-ka-fashe

 

Maganata a yau a kan ɓargo ce. A cikin ɓargon ƙashinmu akwai wasu ƙwayoyin halitta da likitoci ke ɗauka iyaye, domin daga gare su ake samun ƙashi, da guringuntsi, da kitse. Wani masanin Rasha, Friedenstein, shi ya fara gano su wajen 1970. A 2001 kuma masana a Amurka suka same su cikin kitsen jikin mutum.

To, ga inda take. Ƙwayar nan kamar jari ce a hannun ɗan kasuwa: in ka zuba shi a atamfa, ba shi a shinkafa. In ta zama kitse, ƙashi ya yi asara. Shi ya sa masana ke neman dabarar juya ta da wani gari mai tsananin laushi da suke kira nano. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita wajen 80,000, shi kuwa garin nan bai wuce 100 ba. A ɗakin gwaji an ga garin zinariya yana karkata ƙwayar wajen ƙashi, yana rage mata zama kitse. Har yanzu bincike ne, bai zama magani a kemis ba.

Ina ruwanmu a Bauchi? Da ruwanmu fa! In masanan nan suna so ƙwayar ta zama kitse, cikin abin da suke zuba mata har da deksametason. Shi ne fa ke cikin da yawa daga ƙwayoyin sha-ka-fashe da 'ya'yanmu mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki. Fuska ta kumbura, a ce amarya ta yi kyau. Bayan nan sai hawan jini, da ciwon suga, ƙashi ya yi rauni, wani lokaci kan ƙashin kwatangwalo ya mutu, yarinya ta koma ɗingishi.

Roƙona biyu ne. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, kada mu sayar da ita ba takardar likita. Iyaye mata, wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, wannan ma hatsari ne. A kai ta Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa, likita ya rage mata sannu a hankali.

Allah Ya ba mu lafiya. Wassalam.