KAFIN KA BIYA KUƊIN GIDA, TSAYA KA BINCIKA

Wannan shi ne jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban ajin manya, maza da mata. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

  

Yau maganar sayen gida a gari za mu yi. Garuruwanmu suna ta faɗaɗa. Ku dubi Dutse. Kafin shekarar 1991 ƙaramin gari ne. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a wannan shekara, aka mai da shi babban birnin jiha, sai gonaki suka zama unguwanni. Haka gefen Kano yake, wajen Kumbotso da Ungogo. Inda ake noma gero da dawa a da, yanzu gidaje ne. Shi ya sa mutum yakan so ya mallaki gida a gari, kusa da makaranta da asibiti da kasuwa. Wannan buri ne mai kyau. Amma kuɗin gida gumin shekaru ne. Wani shanunsa zai sayar, wata kuma adashinta ne da kayan ɗakinta. In suka salwanta, da wuya a sake tara su.

Bari in ba ku labarin wani ɗan'uwana. Ya sayar da shanunsa huɗu, ya sayi gida mai ɗaki uku a hedikwatar wata ƙaramar hukuma. Dillali ya ce masa ya yi sauri, akwai mai so. Ya biya a rana ɗaya. Ya kwaso iyalinsa suka tare. Bayan wata biyar sai ga sammaci daga kotu. Ashe gidan na gado ne, ba a raba ba. Babban ɗan mamacin ne ya sayar, ƙannensa mata ba su sani ba. Alƙali ya rushe cinikin. Wanda ya karɓi kuɗin ya riga ya cinye. Shekara biyu ɗan'uwan nan nawa yana zirga-zirga, kuma ƙarshe kuɗinsa kaɗan-kaɗan aka riƙa biyansa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Abubuwa biyar zan faɗa muku domin kada irin wannan ta same ku.

Na farko, ka san mai gidan. Dillali ba shi ne mai gida ba. Aikinsa ya haɗa ku, ya karɓi la'adarsa. Ka ce sai ka ga mai gidan ido da ido. Ka tambaye shi yadda ya sami gidan: saye ya yi, gado ya ci, ko ba shi aka yi? Daga nan ka je wurin mai unguwa ka gaishe shi, ka tambaya. Ka tambayi maƙwabta na dama da na hagu. Su ne suka san ko akwai rikicin iyaka, ko an taɓa sayar wa wani. Matambayi ba ya ɓata.

In aka ce gidan na gado ne, to ka ƙara natsuwa. Kowane magaji yana da haƙƙi a ciki, mace da namiji, babba da yaro. Matar mamaci ma tana da tumuninta in ya bar 'ya'ya. Mutum ɗaya ba shi da ikon sayar da rabon sauran. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu. In ba a raba ba, to duk magada su zo su yarda a gaban shaidu, su sa hannu. In akwai marayu ƙanana, a bi ta hannun alƙali.

Na biyu, ka san irin takardar da gidan yake da ita. A shekarar 1978 aka kafa Dokar Amfani da Filaye a Nijeriya. Dokar ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe amana a madadin jama'a. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, Gwamna ne yake ba da takardar shaidar mallakarsa, wadda galibi ta shekara 99 ce. Filin karkara kuwa ƙaramar hukuma ce take ba da izininsa. Saboda haka in ƙauye ya shiga cikin gari, dokar filinsa tana iya canjawa.

In mai gida ya ce yana da takardar Gwamna, ka karɓi kwafinta ka kai ofishin filaye na jiha a duba maka. Za ka biya kuɗin bincike, amma sun fi asarar gida sauƙi. A can za a gane ko takardar ta gaskiya ce, ko sunan wa ke kanta, ko kuma an jinginar da ita a banki an ci bashi. Ka tambaya kuma ko ana bin gidan harajin fili na shekarun baya. Dokar ta ce mai irin wannan takarda ba zai mayar da ita ga wani ba sai da amincewar Gwamna. Don haka bayan ciniki sai ka bi a juya ta zuwa sunanka. In ka bar ta da sunan tsohon mai gida, ka bar wa 'ya'yanka rigima.

Gidaje da yawa a sababbin unguwanni awon igiya ne. Wato mai gona ne ya yanka gonarsa ya sayar, ba gwamnati ta tsara ba. Jama'a da yawa a irinsu suke zaune lafiya. Amma ka je hukumar tsara birane ka tambaya ko wurin yana kan hanyar da za a fitar, ko filin makaranta ne, ko na maƙabarta. Gwamnati tana da ikon karɓar fili domin aikin jama'a. Diyyar da doka ta tanada ta abin da ke bisa filin ce, kamar gini da itatuwa da amfanin gona. Wanda ya yi gini a kan hanya ba da izini ba kuwa, sau da yawa rusau ne kawai.

Na uku, ka duba gidan da idonka. Gani ya kori ji. In da hali, ka gan shi da damina, musamman a watan Agusta. Gidan da ya yi kyau da rani yana iya zama tafki da damina. Kun tuna ambaliyar shekarar 2022, yadda gidaje suka rushe a Jigawa da wasu jihohi. Ka duba gindin bango, ruwa yakan bar alamarsa. Ka tambaya ko wurin tsohon kududdufi ne aka cike da shara, domin irin wannan ƙasa tana zaunawa, bango ya tsage. Ka tafi da magini wanda ka yarda da shi, ya duba harsashi da rufi. Ka duba nisan rijiya da masai, kada su yi kusa. Ka ɗaga kai ka ga ko manyan wayoyin lantarki sun bi ta kan gidan. In an ce maka filin ƙafa 50 ne a 100, sa a auna a gabanka da maƙwabta.

Ka tafi da maiɗakinka ita ma ta gani. Ita ce za ta wuni a gidan. Ita za ta lura da inda za a sa murhu, da inda ruwan wanke-wanke zai fita, da nisan famfo da injin niƙa.

Na huɗu, a rubuta komai. Ko daga hannun ɗan'uwanka ka saya, a rubuta. Takardar ciniki ta ƙunshi sunan mai sayarwa da na mai saye, da inda gidan yake, da girmansa, da maƙwabtansa gabas da yamma, kudu da arewa. A rubuta kuɗin da lamba da kuma kalmomi, a sa kwanan wata. Shaidu na kowane ɓangare su sa hannu, mai unguwa ko dagaci ya buga hatiminsa. In ka ba da kafin alƙalami, ka karɓi rasit, a rubuta ranar cika sauran. In za ka iya, ka biya ta banki, domin banki yana ajiye shaida. In takardar da Turanci take, ka nemi lauya ko wani naka ya fassara maka. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan abin da ba ka san ma'anarsa ba. Ku da kuka iya karatu yanzu, ku karanta da kanku, layi bayan layi, ko da mai sayarwa yana gaggawa. 'Yan'uwa mata, in da kuɗinki a cikin gidan, a rubuta sunanki da yawan abin da kika sa. Wannan ba rashin yarda da maigida ba ne. Rai ne ba shi da tabbas.

Na biyar, kada ka sayar da duk abin da kake ci da shi domin gida. Na ga mutanen da suka sayar da gonarsu kaf suka koma gari, yanzu awo suke yi da kwano. Gida ba ya ciyar da mai shi. In kuɗinka ba su kai ba, ka sayi fili mai takarda mai kyau, ka gina ɗaki ɗaya da kewaye, ka riƙa ƙarawa bayan kowace kaka. Kuma in ka ji gida ya yi araha fiye da na maƙwabtansa, ka tambayi dalili.

Bayan ka saya, ka yi kwafin takardunka. Ka sa na asali a leda, ka ajiye inda gara da ruwa da wuta ba za su kai ba. Ka ba wani amintacce kwafi ɗaya. Ka nuna wa matarka da babban ɗanka inda suke.

Jama'a, duk wannan bincike bai fi na mako biyu ko uku ba. Mai gidan gaskiya zai jira ka. Wanda ya ce sai yau sai yau, ƙyale shi da gidansa. Wanda yake da tambaya, ga ni nan bayan an tashi. Allah ya ba kowa muhalli mai albarka, ya ba mu damina mai kyau.